Muhawara: mota kaɗai za ta iya faɗin shekarar da aka ɗauki hoton gwajin bam?

Auwalu: Salamu alaikum jama'ar gida. Ga wani hoto da aka turo min, baƙi-da-fari. Fili ne fetal na hamada, tsaunuka can nesa, ga farin gidan katako mai bene, ga mota mai ƙofa huɗu a gefensa, an zaunar da mutum-mutumi a kujerar direba har da hularsa. A ƙasa an rubuta wai wurin da Amurka ta gwada bam ɗin nukiliya na farko ne, 1945. Ni motar ce ta ɗauki hankalina. Wace iri ce? Oga Ɗanlami, wannan fagenka ne.

Oga Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Ko cikin barci aka tashe ni zan gane ta. Ford ce, ƙirar 1949. Dubi ragar gabanta, wannan zagayayyen ƙarfen da ya turo a tsakiya kamar cibiya, da sandar da ta ratsa shi dama da hagu. Dubi jikinta, sumul tun daga fitila har but, babu mudgad ɗin da ya kumburo waje irin na motocin kafin yaƙi. Wanda ya rubuta 1945 ya shirga ƙarya. Hoton 1949 ne. Mutum na ƙarya, rubutu na ƙarya, mota ba ta ƙarya. Nuna min mota in faɗa maka shekarar hoto.

Malam Habibu: Oga, ka faɗi gaskiya rabi, ka cinye rabi. Cewa ba 1945 ba ne, wannan na bi ka. Gwajin farko, wanda suka kira Trinity, an yi shi ne ranar 16 ga Yuli 1945 a hamadar jihar New Mexico, bam ɗin na saman hasumiyar ƙarfe mai tsawon ƙafa 100. Aikin sirri ne na soja da masana, ba wanda ya gina gidan bene ya zuba mutum-mutumi. Kuma tun Fabrairun 1942 kamfanonin Amurka suka dakatar da ƙera motocin farar hula saboda yaƙi, duk wata ƙaramar motar da za ka gani a hoton gaske na Trinity ba za ta wuce ƙirar 1942 ba. Amma 1949 ɗin da ka ce, a ina? Amurka ba ta tayar da bam ko ɗaya ba a 1949, haka ma 1950. Bayan yaƙi ta yi gwaji a tsibirin Bikini a 1946, ta yi a Enewetak a 1948, duk a tekun Fasifik. Filin gwajin Nevada kuwa, wanda shi wannan hoton ya yi kama da shi, sai 27 ga Janairu 1951 aka fara tayar da bam a cikinsa.

Oga Ɗanlami: Allah ya gafarta Malam, ai ba Amurka kaɗai ke da bam ba. Rasha fa? Ba a 1949 ta yi nata ba?

Malam Habibu: A 1949 ne, 29 ga Agusta, a Semipalatinsk ta ƙasar Kazakistan ta yau. Kuma su ma sun gina gidaje, sun jera motoci da tankokin yaƙi don su ga abin da zai same su. Sai dai motarsu ta gida suka sa, Pobeda, mai bayan da ya gangaro kamar doron kunkuru. Kai da bakinka ka ce Ford ce. Wa ya kai wa shugabansu Stalin sabuwar Ford ya ƙona?

Sadi Mai Hoto: Kafin ku yi nisa, kun tabbata ma Ford ce? Ni da na ga wannan cibiyar Studebaker ta faɗo min, mai hancin harsashi. Ita ma haka gabanta yake.

Oga Ɗanlami: Haba Sadi. Kama da wane ba ta wane. Studebaker ɗin da kake nufi ta 1950 da 1951 ce, kuma ita hancin gaba ɗayansa ne ya yi tsini kamar na jirgin sama, fitilun biyu kowace ta fito da nata ƙahon, sai ka ga gaban ya zama tsini uku. Ta Ford gabanta a shafe yake, cibiyar ce kawai ta turo. In wannan bai ishe ka ba, kalli ƙofofin. Studebaker mai ƙofa huɗu ta lokacin, ƙofar baya ta baya take buɗewa, don haka hannayen ƙofa biyu suna haɗuwa a tsakiya suna kallon juna. A hoton nan hannun ƙofar baya yana can kusa da tayar baya. Ford ce, ko a gaban alƙali.

Sadi Mai Hoto: Na sallama, Oga. Ƙofar ta kashe bakina.

Baba Iro: 'Ya'yana, bari tsoho ya sa baki. Ni ban san Ford ɗin nan ba, amma na yi shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da sitiyari. Ɗanlami, in na nuna maka hotona jingine da Fijo 504, za ka faɗa min shekarar? An fara yin ta a Faransa a 1968, aka zo ana harhaɗa ta a Kaduna tun 1975 har cikin shekarun 2000, kuma yau ɗin nan in ka je tasha za ka iya cin karo da wadda ke lodi. Abin da mota za ta gaya maka shi ne ba a ɗauki hoton kafin a haife ta ba. Amma shekara nawa ta yi a duniya kafin mai hoto ya zo, wannan ba a rubuce yake a bonet ba.

Malam Habibu: Madalla da Baba. Har haihuwar tata ma sai an lura. Amurkawa suna fitar da motar shekara tun kafin shekarar ta kama. Wannan Ford ɗin da ake kira ta 1949, tun watan Yunin 1948 aka baje kolinta. Ke nan lambar shekarar da ke jikin sunan mota ba kalanda ba ce.

Oga Ɗanlami: To na ji. Ku da kuka ƙi tawa, ku faɗi taku. Yaushe ne?

Malam Habibu: Gidan da mutum-mutumin sun fi motar magana. Gwaje-gwajen da suka shahara da wannan tsarin a Nevada biyu ne, duk hukumar kare farar hula ta tarayya ce ta shirya su don a nuna wa jama'a abin da zai faru in Rasha ta jefo bam a unguwa. Na farko ranar 17 ga Maris 1953, a filin Yucca Flat. Bam ɗin sun sa masa suna Annie, ƙarfinsa daidai da tan dubu 16 na nakiyar TNT, a kan hasumiya mai ƙafa 300. Shirin farar hular kuma suka kira shi Doorstep. Sun gina gidajen katako biyu masu bene, ɗaya ƙafa 3,500 daga hasumiyar, wato kilomita ɗaya da 'yan kai, ɗaya ƙafa 7,500. Sun yi maɓoya takwas irin na gida, sun jera motoci hamsin nesa da kusa, sun zuba mutum-mutumi a falo da ɗakin cin abinci da cikin mota, an sa musu tufafi kamar masu rai. Har a talabijin aka nuna kai tsaye. Na biyu ranar 5 ga Mayu 1955, bam mai suna Apple-2, tan dubu 29, shirin kuma Cue. Wannan ya fi girma, ƙaramin gari suka yi: gidan bulo, na katako, na kankare, layin wuta, tankunan gas, har abincin gwangwani. Gidaje biyu daga cikinsu, na katako da na bulo, suna nan tsaye har yanzu. Ni dai na fi karkata ga 1953, saboda a nan ne aka fi ba motoci muhimmanci, amma ba zan rantse ba, don Ford mai shekara huɗu da mai shekara shida duk ɗaya suke a hoto.

Auwalu: Motoci hamsin! Me suke nema a jikinsu, Malam?

Malam Habibu: So suke su san ko mota za ta zama mafaka. Abin da suka sanar bayan gwajin shi ne, in mutum yana da 'yar tazara daga inda bam ya tashi, mota na iya kare shi gwargwado, da sharaɗin ya sauke gilasai. In an rufe ruf, iskar da ta bugo ba ta da hanyar shiga, sai ta danne rufin ta lotsa shi, gilashi ya tarwatse a kan na ciki.

Oga Ɗanlami: Wannan kam ya shiga hankali. Ko mu in tirela ta wuce ka da gudu kana jin yadda take tura bodi, balle wannan bala'in.

Nafi'u: Ni fa duk dariya kuke ba ni. Kuna ta ƙirga ƙofofi, alhali abin gaba ɗayansa shiri ne. Na ga bidiyon da gidan ke tarwatsewa. Da farko babu mota a bayan gidan, ƙiftawa da bismilla sai ga mota. Daga ina ta fito? Sannan bam ɗin da ya mayar da gida tsinke, ya bar kyamara tsaye ko girgiza ba ta yi? Kuma an ce sojan sama suna da nasu ɗakin shirya fim a Hollywood. Ga shi yanzu kun kama su da ƙaryar 1945. Ai wanda ya yi ƙarya a ɗaya zai yi a goma.

Sadi Mai Hoto: Nafi'u, nan ka shigo gonata. Ɗakin shirya fim ɗin gaskiya ne, Lookout Mountain sunansa, a birnin Los Angeles, aikinsu ɗaukar gwaje-gwajen da wanke fim ɗin da tace shi. Samun ɗakin tace hoto ba ya nufin abin da aka ɗauka bai faru ba, in ba haka ba duk bikin da na taɓa ɗauka ƙarya ne tunda sai na zauna na yanke na haɗa. Motar da ta ɓullo kuwa, ɗauka biyu aka liƙa wuri ɗaya: ɗaya an yi ta tun da wuri don mai kallo ya ga gidan lafiyarsa ƙalau, ɗaya ta lokacin tashin bam ɗin. Tsakaninsu an gyara wurin, an kawo abin da aka kawo. Dole ma a yi haka, don Annie ƙarfe 5:20 na asuba aka tayar da shi, gari bai waye ba. Hasken da kake gani a jikin gidan na bam ɗin ne kansa, babu wata fitila. Kyamarar kuma ba a tsirara aka dasa ta ba, an lulluɓe ta da dalma mai kaurin inci biyu don kada tururin nukiliya ya ɓata fim ɗin, an kafe ta da ƙarfi. Daga hoton farko zuwa na ƙarshe, daƙiƙa biyu ne da ɗan ɗori. In ka kalla a hankali za ka ga abin da ɗan wasan kwaikwayo ba zai yi tunaninsa ba: fenti ya fara yin baƙin hayaƙi tukuna gidan na tsaye cak, sannan iska ta iso ta kwashe shi. Zafi da haske tare suke zuwa, bugun iska na biyowa baya, kamar yadda kake ganin walƙiya kafin ka ji tsawa.

Nafi'u: To ƙaryar 1945 ɗin fa?

Sadi Mai Hoto: Wannan ta wanda ya liƙa rubutun ce a intanet, ba ta wanda ya ɗauki hoton ba. Kai ma in na ɗauki hoton ɗaurin aurenka na rubuta sunan wani a ƙasa, auren ya mutu ke nan?

Nafi'u: Ka bar aurena ya huta. Ban gamsu duka ba, amma maganar asubar ta ɗan taɓa ni.

Sadi Mai Hoto: Kuma ita ce ta ƙara mana haske a kan hoton Auwalu. Rana tsaka aka ɗauke shi, ga inuwar motar nan a ƙarƙashinta, gidan ko tagarsa ba ta fashe ba. Ke nan kafin ranar gwajin ne, lokacin da ake jera kaya.

Alhaji Mamman Agadas: Gaisuwa ga mutanen gida. Ina ta karatu shiru. Nafi'u, ɗana, in kana shakkar na Amurka, mu nan namu a bayan gida aka yi shi. Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko ranar 13 ga Fabrairu 1960 kusa da Reggane a hamadar Aljeriya, suka sa masa suna Gerboise Bleue, ƙarfinsa wajen tan dubu 70, ya ninka Annie ɗin nan sau huɗu da wani abu. Huɗu suka yi a sararin sama a can zuwa Afrilun 1961, daga nan suka koma cikin dutse a In Ekker har 1966. Su ma sun jera motocin soja da jirage da igwa a fili don su ga yadda za su ƙone. Bayan gwaji na uku a Reggane ne, a Janairun 1961, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas, ta hana jiragen Faransa na sama da na ruwa sauka. Ba a korar jakada saboda fim. Abin da ya sa na kawo wannan, hotunan Reggane da na Nevada mutane na cakuɗa su, don duk hamada ce. To a nan aikin Oga ke da amfani ƙwarai: in ka ga kamiyon Berliet ka san Faransawa ne, in ka ga Ford da Chevrolet jere da gidan katako ka san Nevada ce.

Oga Ɗanlami: Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya saka. Ga wanda ya san darajar bakanike.

Alhaji Mamman Agadas: Ƙasa na ce, Oga, ban ce shekara ba.

Hajiya Talatu: Ni dai mutum-mutumin nan ne ya tsaya min a rai. An sa masa hula, an zaunar da shi kamar mai jiran iyalinsa su fito. Kuna ta batun bonet, ku tuna gwaji 100 aka yi a sararin sama a filin Nevada ɗin nan, cikin 928 da aka yi gaba ɗaya zuwa 1992. Mutanen Las Vegas, kilomita ɗari da 'yan kai daga wurin, har hawa saman otal suke suna kallon hayaƙin. Iska kuma ta riƙa kwasar ƙurar zuwa garuruwa irin su St. George a jihar Utah, inda ciwon daji ya addabi mutane, sai a 1990 aka yi dokar biyan su diyya. Masu ran ba su fito a hoton ba.

Baba Iro: Allah ya kiyashe mu. Gaskiya ne, Hajiya.

Auwalu: Amin. To yanzu dai mun tsaya a kan Ford ce, Nevada ce, 1953 ko 1955. Saura abu ɗaya. Oga, ka ce 1949. Na ga wasu hotunan ta 1950 ita ma da cibiya ɗaya. Ta yaya ka raba su?

Oga Ɗanlami: Yauwa, yanzu ka yi tambaya. Uku ne 'yan ɗaki ɗaya: 49, 50, 51. Dukansu gilashin gabansu biyu ne da sanda a tsakiya, sai a 1952 Ford ta koma gilashi guda. Ta 51 ba ta da wahala, cibiya biyu gare ta. Rigimar tana tsakanin 49 da 50. Ta 49 an rubuta FORD da manyan haruffa a goshinta, ta 50 an cire haruffan an sa tambari mai kama da garkuwa. Ta 49 marfin tankinta a waje yake kana ganinsa, ta 50 an ɓoye shi da ƙaramar ƙofa. Hannun ƙofa ma ya bambanta, na 49 janyowa ake yi, na 50 maɓalli ake dannawa.

Malam Habibu: To a hoton nan wanne ka gani? Haruffa ko garkuwa?

Oga Ɗanlami: Hoton ya dushe, an yi ta turawa daga waya zuwa waya har ya gaji. Ɓangaren tankin ma ba ya ciki. Amma idona ya saba, zamanta na 49 ne.

Musa Fanel Bita: Oga, da girmanka, ko da ka ga haruffan ba a gama ba. Nawa muka ɗora wa bonet ɗin wata shekara a kan bodin wata shekara? Motar da ta yi hatsari aka gyara, gabanta na iya zama na ƙanwarta. Kuma wanda zai kai mota gaban bam ba lallai ya zaɓo mai lafiya ba.

Oga Ɗanlami: Musa, wannan aikinku ne na nan. Bature ba ya haɗa-haɗa. Yadda ta fito daga kamfani haka take mutuwa.

Musa Fanel Bita: Bature ba ya karo da bishiya ke nan?

Baba Iro: Ku bar shi, yaro. Ɗanlami in ya kafe ko jaki ya sallama masa.

Auwalu: Jama'a, na koma wurin wanda ya turo min, ya ba ni wanda bai dushe ba, ga shi na saka. Ku buɗe shi sosai ku duba goshin motar. Ni dai ban ga haruffa ba.

Sadi Mai Hoto: Na buɗe. Garkuwa ce, ɓaro-ɓaro. Hannun ƙofar direba ma ga maɓallin nan. Oga, da ma'aunin da ka ba mu da hannunka, ta 1950 ce.

Malam Habibu: Ke nan ko shekarar motar ba ta tsira ba, balle ta hoton.

Oga Ɗanlami: Ku dakata. Na duba. Garkuwa ce, ban musa ba. Amma wa ya ce muku ba canza mata bonet aka yi ba?

Musa Fanel Bita: La ilaha illallahu! Oga, ba yanzu ka ce Bature ba ya haɗa-haɗa ba?

Oga Ɗanlami: Wannan ɗin wataƙila ya yi. Ƙofar ma ana canzawa. Auwalu, ka nemo mana wanda aka ɗauka ta ɓangaren tanki, in na ga ƙaramar ƙofar nan shayin kowa a wuyana. An kira la'asar, sai na dawo.